Jirginmu a Ajiwa

Barira ce ta fara gani a wayar kawunta:
jirgin ruwa mai hawa goma sha biyu,
da wurin iyo a bisa kansa,
da ɗakin cin abinci da ba a rufewa dare da rana.
Ta ce, Baba, in an yi hutu can za ka kai mu.
Na ce to.
To ba ta da tsada a bakin malamin firamare.

Albashi ya shigo Laraba, rabinsa ya fita Alhamis.
Asabar muka cika motar Lawandi daga Ƙofar Marusa,
Huwaila ta rungume kula kamar jinjiri,
ni da tabarma da buta,
har bakin ruwan Ajiwa.

Ga jirgin.
Katako da kwalta, da gwangwanin kwalfe ruwa.
Rabe mai fito ya dube mu ɗaya bayan ɗaya
kamar mai auna buhunan gero,
ya ce mai nauyi ya zauna tsakiya.
Kowa ya dube ni.

Da muka bar gaɓa, da hayaniya ta koma ƙarama,
Barira ta ce, ina ɗakin cin abincin?
Uwarta ta shimfiɗa ɗankwali a kan gwiwa,
ta ce ga shi nan, bismilla.
Tururin dambu ya tashi ya haɗu da iskar ruwa,
zogale, ƙuli, man gyaɗa,
awara a leda, yaji a ƙullin takarda,
zoɓon da ya kwana yana ƙanƙara, yanzu yana zufa.
Ban taɓa ganin an ci dambu da ladabi haka ba:
ka miƙa hannu da gaggawa, jirgi ya karkata,
ka yi dariya, ya karkata.
Mannir ya ci loma uku, ya jefa wa kifi huɗu,
wai mu ne baƙi,
ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana.

Rabe ya ce a ƙirga balbela,
wanda ya fi yawa shi zai riƙe filafili.
Mannir ya samu goma sha tara,
har da fararen leda biyu da suka maƙale a ƙaya.
Barira ba ta ƙirga ba.
Ta tura yatsunta cikin ruwa,
tana kallon layi biyar suna bin ta,
suna rufewa, suna buɗewa.

Sai Sada, ɗan auta, da ba wanda ya lura da shi,
ya cire takalmin roba na hagu,
ya sa ƙwayar gyaɗa ɗaya a ciki,
ya sake shi.
Jirginsa ne, in ji shi, da fasinja, za su Makka.
Huwaila ta yi salati, ta faɗi kuɗin takalmin sau biyu.
Rabe ya juya kan jirgi,
amma iska ta riga mu gaba.
Muka yi shiru muna kallo,
shuɗin abu yana ƙanƙancewa wajen ciyayi,
Sada na ɗaga masa hannu da yaji a kumatu.

La'asar sakaliya muka dawo.
Na goya shi a kafaɗa, ƙafa ɗaya tsirara tana bugun ƙirjina.

Da dare, an ɗauke wuta, muna kwance a tsakar gida,
ƙasa na lilo da mu kaɗan kaɗan,
Barira ta ce, Baba,
wancan dogon jirgi na waya,
hannun yaro yana kaiwa ruwa?
Na ce da wuya.
Ta daɗe ba ta ce komai ba.

Takalmin dama yana nan a kan taga.
Sada ya hana a yar,
wai ɗan'uwansa zai dawo da tsaraba.